Ƙanena ya ce resilin ƙarya ce

Shekaranjiya ƙanena ya turo mani saƙon murya daga Maradi yana ta dariya kamar zai shiƙe, wai ya ji labari na biya kuɗi na kai yarona kallon resilin, kokowar Turawan nan ta tele. "Haba Yaya, duk zaman Amurkan nan har yanzu ba ka gane ƙarya ce ba?" To gara in ba shi amsa nan kowa ya ji, tunda na san ba shi kaɗai ba ne, duk fadar da ka zauna a Maradi aka tada maganar nan sai wani ya ce ƙarya ce, shike nan an rufe zance an ci gaba da shan shayi.

Shi bai tuna ba don yana ƙarami, amma mu da dala biyar muke shiga gidan bidiyo a unguwar Zariya ta Maradi, benci ya cika wasu a ƙasa, janareto na ƙara, kaset ɗin ya sha kallo har hoton yana rawa. 'Yan lakwal na ce mashi kach, mu muna cewa resilin. Kuma wallahi mun yarda da komi. An yi rantsuwa gabana cewa Undertaker ya mutu ya dawo, har da mai cewa aljani ne. Kamala kuwa ɗan uwa muka ɗauke shi tunda an ce daga Uganda ya hito, sai da na zo ƙasar nan na ji ashe mutumin Mississippi ne, fenti kawai aka shafa mashi a ciki.

Ina zaune Greensboro, inda 'yan Nijar suka yi yawa, kuma garin na resilin ne tun da daɗewa, a babban ɗakin wasansu ne Ric Flair ya doke Harley Race cikin keji a 1983, nan kuma Sting ya yi wasansa na ƙarshe a 2024. Ranar da muka tahi, wani tsohon Bature ne kusa da ni, gashi fari fat, yana ihu yana zagin mugun wasan har jijiyar wuyansa ta tashi, da aka tahi hutu sai ya juyo yana ce mani ai yaron can ya iya aikinsa, ya san yadda ake sa mutane su tsane shi. Ka ji fa. Ya san shiri ne, duk wanda ke ɗakin nan ya sani in ban da ƙananan yara. Tun 1989 babban kamfanin resilin, WWF (WWE na yanzu), da kansa ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa abin nasu nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Saboda haka in ka ce masu ƙarya ce kamar ka tarar da Hajiya tana hawaye gaban fim ne ka ce mata ai bai mutu da gaske ba, sai dai ta ce ka matsa ka tare mata tele.

Abin da ba shiri ba shi ne jiki. A 1998 Undertaker ya jeho Mick Foley daga saman keji ya faɗo kan tebur, ba igiya ba katifa. Shekara guda bayan haka Owen Hart ya faɗo daga rufin ɗakin wasa a Kansas City ya mutu, mutane na zaune suna kallo. Wanga ba abin dariya ba ne, kuma ni ba na raina su.

Amma inda mu masu kallon kokowar gargajiya muka rabu da masu kallon resilin shi ne wurin gardama. Su in sun zauna musu ba a kan wa ya hi wa ƙarfi suke yi ba, a kan ofis suke yi, wato masu rubuta wa zai ci wa zai faɗi. Lokacin da Brock Lesnar ya kada Undertaker a 2014, bayan Undertaker ya ci wasa 21 a jere ba faɗuwa a WrestleMania, babban wasansu na shekara, ɗaki ya yi tsit, amma da gari ya waye ba ka jin ana cewa Lesnar ya hi shi, abin da ake cewa shi ne don mi aka ba Lesnar, ai da an ba wani yaro mai tasowa. An ba, kamar ana rabon gado. Roman Reigns shekara da shekaru kamfani na tura shi a matsayin gwarzo jama'a na yi mashi ihu, sai da aka maida shi mugu a 2020 sannan suka so shi, ya riƙe bel ɗin zakara kwana 1316 kahin a miƙa wa Cody Rhodes a 2024. Ko John Cena da aka juya shi ya zama mugu a 2025, rabin surutun a kan ko marubuta sun iya labarin ne. Mai kallo can kamar mai sayen tuwo ne, in miya ba ta yi ba ya san ƙofar da zai buga.

Mu wa za mu buga ma ƙofa? Tun 1975 da aka fara gasar kokowar Nijar ta neman takobi a Tawa, Kantu namu na Maradi ya ɗauko shi, shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa, ba wanda ya taɓa zama ya rubuta wa zai faɗi. Jiha takwas, kowace ta kawo 'yan kokowa goma, kuma in ka faɗi sau guda maganar takobi ta wuce ka sai baɗi. Shekara guda mutum na shiri, ana ɗura mashi hura da nama, malamai na rubutu, gari duk ya sa ido, sai ya shiga a cikin daƙiƙa goma wani yaron da ba a san sunansa ba ya ɗauke mashi ƙafa. Shike nan. Ba a sake wasan ranar Litinin mai zuwa, ba wanda zai rugo daga baya da kujerar ƙarfe ya cece shi.

Kar a ce mu ba mu da kwalliya, muna da ita har ta yi yawa. Kirari da kiɗa, layu da guraye har mutum ya yi nauyi, a tsuguna a tona rairayi a binne abu, a watsa ruwan rubutu a jiki, ga 'yan cali-cali na kwaikwayon kowa suna ba mutane dariya. In Bature ya ga wannan zai ce ai irin nasu ne. To amma da alƙali ya hura usur kwalliya ta ƙare, sai ka ga ƙatti biyu sun duƙa suna taɓa kan juna minti biyar ba abin da ya faru, wanda bai sani ba ya ce ba daɗi, mu kuwa numfashi ma da ƙyar muke yi don mun san kuskure guda ne.

Lokacin gasar, kokowar marece tana kama mani wajen goma na safe ina wurin aiki, waya a aljihu, abin ji a kunne guda, ana ƙirga mutanenmu nawa suka rage tsaye. Ranar da na ƙarshe ya faɗi abincin rana bai shiga ba, abokin aikina har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi a gida. Ina son resilin amma bai taɓa hana ni cin abinci ba.

Dubi Isaka Isaka na Doso. A Agadas ƙarshen 2023 ya ɗauki takobi karo na shida, kuma mu 'yan Maradi mun gaji da shi kamar yadda aka gaji da Roman Reigns, ko hiye ma. Bambancin, su sun yi ta ihu har ofis ya ji, mu in mun yi ihu har makogwaro ya bushe ba abin da zai canza, sai dai mu koma ƙauyukan Tibiri da Tasawa da Dakwaro mu nemo wanda zai iya da shi. Sai ka ji ana ta neman dalili, wanga ya ce asiri ne, wancan ya ce alƙali ne, don faɗin gaskiya cewa ya hi namu yana da ɗaci.

Na san za a ce to ai mu ma ana raɗe-raɗin saida kokowa. Ana yi, ni ma na sha ji a fada, kuma ban ce kowa waliyyi ba ne. Amma lura da yadda ake faɗin ta, ƙasa-ƙasa, kamar ana tona asirin gida, kuma wanda zargin ya hau kansa har jikokinsa sai an yi masu gori. Can kuwa kwantawa a danne ka har uku aiki ne da ake biya, har yabon mutum ake yi in ya iya faɗuwa da kyau.

Inda suka bar mu nesa, kuma abin na ci mani rai, shi ne ajiya. Yarona yanzu-yanzu zai ɗauko waya ya nuna mani wasan 1983 ɗin nan daga farko har ƙarshe, ya san ranar, ya san minti nawa aka yi. Ni kuwa da ya tambaye ni Kantu sai baki, sai abin da na ji wurin Baba, yadda ake cewa in ya kama mutum ba ya saki. A mota muna dawowa ya ce "Baba, Kantu da Roman Reigns wa zai kada wani?" Na ce Kantu mana, ya ce to nuna mani. Na laluba YouTube har muka iso gida ban samu abin da zan nuna mashi ya yarda ba.

Don haka ƙanena, maimakon dariya, in ka samu sarari ka leƙa wurin tsohin masu gidan bidiyo ko wani dattijon da ya ajiye kaset, ko ta rediyo ce, ko hoto guda ne, ka ɗauka da waya ka turo. Kuɗin kabu-kabu ina biya.