Ƙarar sarƙar taimin da motocin da ake turo mana

A wani gareji a Houston ta Amurka, a-kori-kura ce ƙirar Ford F-150 ta 2008 aka buɗe wa gaba. Bakaniken ya kwance kwanon baƙin mai na ƙasa, ya zazzago gutsattsarin roba baƙaƙe cikin tafin hannunsa. Mai motar Bature ne, ya yi kusan shekara yana jin ƙara yana hawa. Da aka faɗa masa kuɗin gyara sai ya yi dariya, wai zai kai ta gwanjo a tura Afirka, can komai hawa suke yi. Maganar ta sosa mini rai, don sakacin nasa ne, amma mu aka jingina wa.

Injin motar nan V8 ne mai lita 5.4, kuma wanda aka saka daga 2004 zuwa 2010 ya yi suna da wannan ciwo. Sarƙar taimin biyu ce ke haɗa kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf biyu masu buɗe bawul da rufe su. Abin da ke ɗaure kowace sarƙa da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Idan robar bayansa ta fashe, mai ya zurare, sarƙa ta saki ta riƙa dukan robobin da take gudu a kansu har su karye. Gutsattsarin su faɗa ƙasa su toshe rariyar famfon mai, saman inji ya rasa mai, kamshaf ya fara cin mazauninsa. In sarƙa ta tsallake haƙora, fistin ya daki bawul, shi ke nan inji ya buga.

Ƙarar iri-iri ce. Karkarwa ta daƙiƙa biyu ko uku da safe in an tayar, ta ɗauke, wannan gargaɗin farko ne, ana iya samun makonni a haɗa kuɗi. Ƙwas-ƙwas kamar injin dizal a silo bayan mota ta yi zafi, yawanci giyar kan kamshaf ce mai sauya taimin, ko ƙarfin mai ya faɗi. Wannan ba ta jira. A ɗaura ma'aunin hannu a auna ƙarfin mai da zafinsa, domin allurar gaban direba a waɗannan motoci ba ta nuna ainihin ƙarfin. In kwamfuta ta fitar da lambar laifi P0016, a ajiye motar. Wani lokaci ma tsagewar bututun hayaƙi ce a jikin inji, ita kam ana iya lallaɓawa.

Gyaran ba a yin rabinsa: sarƙa biyu, maɗaurai biyu, robobi huɗu, giyoyin kamshaf biyu, a duba famfon mai, a wanke rariyar, a zuba baƙin mai 5W-20 wajen lita 6.6. Abin da ke sa masu mota jinkiri a nan Amurka shi ne kuɗin hannu. Ana cajin awa fiye da dala 100, aikin kuma ya wuce awa goma. Garejin tas kamar asibiti, da shayi da talabijin a ɗakin jira, da takardar da za ka sa wa hannu kafin a taɓa maka noti ɗaya.

Mu ma da namu laifin, ba na musu. Zuba 20W-50 mai kauri don ƙara ta kwanta rufe ciwo ne kawai. Masu Hilux ta dizal kuma, mai injin 2KD, bel gare su ba sarƙa ba, ba ya ƙara kafin ya tsinke, a kilomita 150,000 ake canza shi, amma sai ka ga an kashe fitilar gargaɗin canza shi an ci gaba. To amma bakaniken gida da zai kafa sukundireba a murfin inji ya kara kunne ya ce maka sarƙa ce, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka dawo kafin la'asar a ɗaura, bai cancanci wannan dariya ba. Shi ne ma zai gāji motar Baturen nan. Za ta sauka Kwatano ko Legas an wanke ta tana sheƙi, an goge laifin daga kwamfuta, robobin suna kwance a cikin kwano. Duk wanda zai sayi irinta, ya sa a tayar masa da ita da sanyin safiya kafin kowa ya taɓa makulli, sannan a sauke kwanon a gabansa.