Dodannin Idumota

In dai wot ake bugawa a teburin mai shayin layinmu a Agege, nan Legas, ba mai son zama kusa da ni, don zai sha "ɗauki biyu" da "je kasuwa" har shayinsa ya huce. Da wannan taƙamar na amsa gayyatar wani abokin aikina ɗan Idi-Araba. Shago ɗaya muke a Computer Village, ni ina manna gilashin waya, shi yana gyaran wurin caji. Ya ce akwai wani wasan kati da ake yi duk Asabar a Yaba, sunansa Yu-Gi-Oh!, in zo in gani. Na ce kati ai kati ne, ya gaya wa mutanensa su shirya.

Na hau jirgin ƙasa daga Agege na sauka a Yaba. Wurin wani ɗaki ne a saman bene, cike da ɗalibai, har da wani mai furfura da aka ce a banki yake aiki. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ba a raba kati. A wot kwali ɗaya ne, kati 54, a cakuɗa a raba, mai kuɗi da talaka kowa ya karɓi rabonsa. Nan kuwa kowa da nasa yake zuwa daga gida, shi ya zaɓa, shi ya haɗa, suna ce masa dek. Kada ya gaza kati 40, kada ya wuce 60, kuma iri ɗaya ba ya wuce guda 3. Kowa yana farawa da makin rai 8000, wanda nasa ya ƙare ya sha ƙasa. Kamfanin Konami na Japan ne ke buga katin tun 1999, ya fitar da iri sama da 10,000, kuma har gobe bai gaji ba.

Wato wasa ne da aljihu ke riga mai shi shiga fili. Na ɗora yatsa a kan wani kati na tambayi kuɗinsa, aka faɗa mini da dala. A lokacin dala ta haura naira 1,500. Na yi lissafi a zuci, na janye yatsana a hankali don kada in karce shi.

Mai furfura ya ga yadda fuskata ta koma, ya ja ni gefe ya ba ni shawara. Ya ce kamfanin yana sayar da dek haɗaɗɗe a kwali, dala 10 da ɗoriya a Amurka. In sayi kwali uku iri ɗaya, in tsince masu amfani uku-uku, in haɗa 40. Ya ce ko'ina a duniya haka mai ƙaramin ƙarfi yake farawa. Na yi godiya. A jirgi na haɗa kuɗin kwali uku da kuɗin kawowa, sai na gane mai ƙaramin ƙarfi na Amurka daban, na Agege daban.

To amma ni jikan 'yan kasuwa ne. Na san duk abin da ake sayarwa da dala a saman bene, akwai ɗan'uwansa a ƙasa a kasuwar Idumota. Na kutsa lungu-lungu ina nuna hoto a waya, har aka kai ni wurin wani mai kayan wasan yara. Ya tura balan-balan da bindigogin ruwa gefe, ya jawo wani buhu. Jama'a, kati ne maƙil, kowanne yana walƙiya har yana kashe ido, ya fi na 'yan Yaba sheƙi nesa ba kusa ba. Muka yi ciniki, na yi tafiyar ƙarya, ya kira ni, na kwashi cikin hannu biyu a naira 2,500. A danfo har tausayin mai furfura na ji. Mutum yana aikin banki amma bai san kasuwa ba.

Da dare na baje su a tabarma. Hanyar zaɓena mai sauƙi ce: a ƙasan kowane katin dodo akwai lambar ƙarfin hari, duk wanda bai kai 2500 ba na ture shi gefe. Akwai wani Blue-Eyes White Dragon, farin dodo mai shuɗin ido, ƙarfinsa 3000. Shi guda biyar na samu, na zuba su duka. Na cika 60 cif, don ban ga dalilin da mutum zai tafi yaƙi da 40 alhali an yarda masa da 60 ba. Na ɗaure su da robar ƙirga kuɗi, na jefa a baƙar leda.

Ranar Asabar da na zaro ledar na fincike robar, sai da wani ɗalibi ya dafe ƙirji. Su kowane kati da rigarsa ta roba, ba ya taɓa tebur tsirara. Mai furfura ya ɗauki dodona ɗaya ya karkata shi wajen taga. Ya nuna mini nasa: a kusurwar ƙasa ta dama akwai wani ɗan murabba'i da ke canza haske in an motsa shi. Nawa ma yana da shi, sai dai da fenti aka zana. Ya duba sunan, ashe harafi biyu sun yi musayar wuri. Ya ƙirga biyar, ya cire biyu. Sannan ya ci karo da wani koren tulu mai washe haƙora, Pot of Greed, sai ɗakin ya kwashe da dariya. Wai an haramta shi a gasa kusan shekara 20. Na tambayi laifinsa, aka ce yana ba mutum damar jan kati biyu. Na ce ikon Allah, a wot "ɗauki biyu" horo ne da ake yi wa abokin gaba, a nan kuma gata ne da ya yi yawa har aka hana.

Duk da haka suka ce in buga na nishaɗi, aka haɗa ni da wani yaro ɗan ƙaramar sakandare mai tabarau. Na ja kati biyar, duka manyan dodanni. Na gyara zama. Yaron ne ya fara, yana ajiye kati yana magana, yana ɗaukar wani yana mayar da wani, na shanye ruwan leda na linke ledar bai gama ba. Da aka zo kaina na ja na shida, shi ma dodo. Na ɗaga farin nan zan maka shi a tebur, sai yaron ya tare ni da ladabi. Ya ce in ƙirga taurarin da ke samansa. Takwas. Dodo mai tauraro 5 ko 6 ba ya fitowa sai an ba da ƙarami ɗaya da ke fili, mai 7 zuwa sama kuwa sai an ba da biyu. Ƙananan nawa duk suna Agege a gefen tabarma. Haka na zauna da dodo shida a hannu, ba wanda zai iya sauka. Yaron ya kwashe 8000 ɗina a zagaye ɗaya, ya miƙo hannu, ya ce da Turanci wasa ya yi kyau. Wane wasa?

A ranar aka nuna mini inda arahar gaskiya take, kuma ba ta walƙiya. Masu sayen fakiti a rufe kati ɗaya ko biyu suke farauta, sauran gama-gari sai su tara a kwalin takalmi, ba mai waiwayarsu. Ga kuma tsofaffin kati da aka sake bugawa sau da yawa har darajarsu ta faɗi, amma aikinsu yana nan. Ni ba ni da dala, amma ina da abu biyu da 'yan Yaba ke so: gilashin waya da kilishi. Kasuwa ta buɗe. Ƙullin kilishi ɗaya ya kawo mini Mirror Force uku, tarkon da in abokin gaba ya kawo hari yake share duk dodanninsa da ke tsaye a shirin faɗa. Gilashi ɗaya da mannawa kyauta ya kawo Monster Reborn, wanda ke dawo da dodo daga maƙabarta, wato inda ake tara katin da ya fita daga fili, shi guda ɗaya tak doka ta yarda. Na tara ƙananan dodanni masu tauraro 4 da ke fitowa ba sai an ba da kowa ba. Mai furfura ya kuma zare mini son 60 da lissafin banki: in kana da kati iri ɗaya guda 3 a cikin 40, damar ya zo a hannunka na farko wajen kashi 34 cikin ɗari ce, a cikin 60 kuwa sai ta sauko wajen kashi 23. A ganina dek ɗin talaka ba shi da kwarjini ko kaɗan, aikinsa hana ruwa gudu, ka ɓata wa mai tsada shiri har ya gaji. Amma ya dace da halina.

Saura kati kaɗan in kammala, wata rana NEPA ta ɗauke wuta, zafi ya koro ni baranda. Gidanmu irin gidan hayar Legas ne, ƙofa na kallon ƙofa, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu. Abokina ya kira muna bitar dabara.

"A'a," na ce, "babban ba ya fitowa haka nan. Sai ka ba da ƙanana biyu."

Ya yi tambaya.

"Eh mana, su biyun maƙabarta za su tafi. Amma kada ka damu, na samo abin da ke tayar da ɗaya. Ni dai na kusa cika arba'in, Asabar a Yaba za a yi ta ta ƙare."

Ban lura cewa mafici ya daina motsi a ƙofar Maman 'yan biyu ba.

Da safe 'yan biyun suka taho da gudu karɓar alewa kamar kullum, uwarsu ta fizge su ta kulle ƙofa har da sakata. Bayan isha'i aka aiko Kawu yana nemana. Kawu shi ya kawo ni Legas, dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, kuma ba ya kiran mutum don hira. Na tarar da shi da liman, ga Maman 'yan biyu a rakuɓe ta riƙe yaranta ɗaya a kowane hannu.

"Kai, su wa za ka kai maƙabarta ranar Asabar?"

"Kawu, wallahi kati ne."

"Kati yana da maƙabarta?"

"Yana da ita, Kawu. A gefen dama take."

Liman ya yi salati. Na ruga na kwaso komai, na gaske da na Idumota, na baje a gabansu. Maman 'yan biyu ta ce ita ƙananan biyu take so a nuna mata. Na zaro Kuriboh, wani ɗan dunƙulen gashi mai manyan idanu, ƙarfinsa 300 kacal. Ta kalle shi, ta kalli Hassan ɗinta, ta ja tsaki, amma ba ta saki hannun yaron ba.

Liman ya sa tabarau ya juya katin gaba da baya. "Ana sa kuɗi a ci?"

"Allah ya gafarta Malam, ko sisi ba a sawa."

"Yana sa ka makara salla?"

Na ce a'a da saurin da ya sa ya ɗago ya dube ni. Ya ce hotunan dai ba su yi masa ba, kuma daga yau duk maganar maƙabarta in yi ta a cikin ɗaki da rana.

Na ɗauka an gama. Sai Kawu ya ce nawa na kashe. Don in kare kaina na ce ai nawa ba komai ba ne, a ƙasashen waje akwai kati ɗaya da ake saye da kuɗin da ya fi na bijimi. Kawu ya yi shiru. Ya sa yatsa ya ture Mirror Force ɗina da duk na gasken gefe, ya tsinci fararen dodannin nan biyar masu sheƙi, ya haska su da tocilan wayarsa, ya auna nauyinsu a tafin hannu.

"Kawu, ai waɗannan na Idumota ne, ba su da..."

"Yi mini shiru. Shekara talatin ina kasuwar shanu, in na ga mai ƙiba na san shi."

Ya zura su a aljihun gaba na rigarsa, ya ce zai ajiye mini a akwatin takardun filinsa, don yaro bai san adana dukiya ba. Tun daga ranar, in ya kira ni ba ya fara tambayar aiki. Jiya ma da sassafe ya bugo, ana jin kukan shanu a bayansa.

"Ya ake ciki, farin nan ya tashi kuwa? In ka samu mai saye kada ka yanke da shi, ka haɗa ni da shi kai tsaye. Kai ba ka iya ciniki ba."