Ba ƙirga gaɓoɓi ke nuna rubutun Hausa ya yi sauƙi ba

Akwai masu rubuta takardun wayar da kai, na lafiya ne ko na noma, da in sun gama sai su zuba rubutun a manhaja ta ba su maki, in makin ya hau sai su ce shi ke nan kowa zai gane. Ni dai ban yarda da wannan awon ba in Hausa ake magana.

Wani Rudolf Flesch, haifaffen Ostiriya da ya zauna Amurka, shi ya fito da shi a 1948, kuma abu biyu kawai yake ƙirgawa, yawan kalmomin jimla da yawan gaɓoɓin kalma. Maki 60 zuwa 70 shi ne daidai wa daida, in ya faɗo ƙasa da 30 sai ɗan jami'a. A 1975 aka yi wa sojojin ruwan Amurka wani samfurin, Flesch-Kincaid, mai faɗin ɗan aji nawa ne zai iya karantawa, shi ne ma yake cikin Microsoft Word. Can yana musu aiki, don doguwar kalma a Turanci yawanci aro ce daga Latin, ta 'yan boko ce.

To mu fa? Kalmar "makarantunmu" gaɓa biyar ce amma wane ɗan firamare ne bai san ta ba, daftari kuwa gaɓa uku ce kacal, je ka kasuwar Jega ka tambayi mai tumatir ka ji. Ga ƙananan kalmomi irin su "ya" da "ta" da "na" cike da kowane layi suna jan lissafin ƙasa, sai maki ya yi kyau alhali ba a ce komai ba.

Abin da ke wahalar da mai karatu a wajenmu shi ne Turancin da aka sa wa rigar Hausa. Irin su "ana buƙatar aiwatar da matakan da suka dace domin tabbatar da kariya", wallahi kowace kalma Hausa ce amma wa zai yi, me zai yi, yaushe, babu. Ku tuna gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinari da ake daka a cikin gidaje. Abin da uwa take buƙatar ji a irin wannan halin gajere ne, kada a daka dutse a tsakar gida, mai haƙa ya tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Haka manomin shinkafa a fadamar Argungu, ka rubuta masa lita kaza a hekta ka bar shi da lissafi, shi kuwa da gwangwanin madara yake awo yana juyewa a famfon feshi, in bai gane ba sai ya ƙara don wai ya fi ci, ya ƙone shuka ya shaƙi guba. Kwamfuta ba ta ganin wannan.

Sannan Hausar wa? Ta Kano ce a rubuce, mutumin Gummi da Sakkwatanci ya tashi, a Zuru kuma da yawa C'lela ne harshen gida, ga dattawan da ajami kaɗai suke karantawa.

Awon da nake ganin ya kamata masu buga takardun nan su riƙa yi bai da tsada. Kafin a kai wajen bugu a samu mutum biyar ko shida cikin waɗanda aka yi dominsu, da mata a ciki, kowa ya karanta a bayyane, duk inda ya yi tuntuɓe ko ya koma baya a ja layi. Kada a tambaye shi ko ya gane, don kunya za ta sa ya ce e, a ce masa malam, gobe in ka je gona me za ka yi? In amsarsa ta saɓa da abin da ake nufi a sake rubutun, a kai wa wasu mutanen daban.