Babur ɗin nan zai sa ni hawan jini

Wallahi na gaji da tura mashin da sassafe. Tsohuwar CG125 ce ta Baba, irin mai kontak ɗin nan (ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don filogi ya ba da wuta), injin lafiya lau amma wuta ce matsalar, ka buga kik sau ashirin har ƙafarka ta yi tsami sai ta yi tari ɗaya ta yi shiru, ga yara sun saka yunifom suna kallonka.

Na kai wa bakanike ya ce Alhaji filogi ne, muka canza. Jibi ya ce kwal ne, wato abin da ke tura wa filogi wuta. Daga baya wai a cire kontak gaba ɗaya a sa CDI, wani ɗan akwatin lantarki da ke yin aikin kontak, shi ba ya cinyewa kuma ba sai an riƙa saita shi ba, to na yarda na biya. Kwana uku tana tashi bugu ɗaya har na fara yabonsa a majalisa, ran nan ruwa ya ɗan taɓa ta shikenan muka koma gidan jiya.

Da kaina na kwance filogin na ɗora a jikin inji na buga, wutar ja-ja siririya maimakon shuɗiya. Ashe wayar at ce ta yi tsatsa, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mashin, bakaniken ya murɗe ta da hannu ya naɗe da leda. Leda fa jama'a! Ko salatif bai sa ba.