Wai Kano ta zama Dubai, to wa zai yashe mana kwata?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok sai ka ci karo da irin bidiyon nan da ake ɗauka daga sama da jirgi maras matuƙi, a nuno aikin gadar Ɗan Agundi da ta Tal'udu, ko gadar Ƙofar Nassarawa da daddare fitilu sun haska, a ɗora kiɗa a ƙasa a rubuta wai Kano ta zama Dubai. In kuwa ka kuskura ka tambaya ina ruwan famfo, nan take za a yi maka caa, a ce kai ɗan adawa ne ko an biya ka ko baƙin ciki kake da ci gaban jiharka. Wannan raini shi ya sa na ɗauki alƙalami yau, don abin ya fara wuce wasan yaran soshiyal midiya, manya masu riƙe da muƙami ma da hoton gada suke amsa kowace tambaya.

Ni ba na faɗa da gada. Wanda ya san yadda Ƙofar Nassarawa take kafin Kwankwaso ya yi gadar nan a zangonsa na biyu, ko yadda ake cakuɗewa a Dangi kafin aikin Ganduje, ba zai ce ba a samu sauƙi ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda gada ta zama ita kaɗai ce ma'aunin mulkin birni. Ka lissafa da kanka tun daga 2011 zuwa yau: Ƙofar Nassarawa, Gadon Ƙaya, Kabuga, doguwar gadar titin Murtala Muhammad ta Sabon Gari, Ƙofar Ruwa, Dangi, Hotoro, yanzu kuma ga Ɗan Agundi ga Tal'udu. Gwamnoni uku, Kwankwaso da Ganduje da Abba Kabir Yusuf, wasunsu ba sa ga maciji da juna a siyasa, sun yi ta zagin juna a rediyo ta bakin sojojin baka, amma a kan siminti da rodi kansu a haɗe yake. To a cikin waɗannan shekarun unguwa nawa ce a cikin birni aka buɗe famfo ruwa ya zo ya kuma ci gaba da zuwa?

Abin takaicin ma Kano ba baƙuwar ruwan famfo ba ce. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta jawo ruwa daga Chalawa zuwa cikin gari, da kuɗin baitulmalin Kano. Audu Baƙo ya zo ya yi madatsun ruwa, Tiga da Bagauda da sauransu. Shekarau ya yi sabuwar matatar Tamburawa mai lita miliyan 150 a rana, ga ta Watari. Wato ba ruwan ne babu ba, bututun ne suka tsufa suka ruɓe, wasu masu aikin titi suka farfasa ba a mayar ba, injina ba wuta ba dizal, gari kuma ya yi ta faɗaɗa har ya haɗe da ƙauyukan Ungogo da Kumbotso ba wanda ya bi shi da bututu. Yau mai garuwa shi ne hukumar ruwa ta talaka. Ka tsaya a kowane lungu a Ɗorayi ko Kurna ko Rijiyar Lemo da sassafe ka ga yadda suke turo kura cike da jarkoki rawaya, gumi na zuba, mata na leƙowa ta zaure suna kira, shi kuma yana cewa na wane ne an riga an biya. Lokacin zafi in wuta ta ɗauke masu bohol suka tada janareta, kuɗin jarka ya tashi, magidanci mai iyali goma sai ya zauna ya yi lissafin wa zai yi wanka yau wa zai haƙura sai gobe. Kuma ba wanda ya san ingancin ruwan, daga ina aka ɗebo, bohol ɗin nesa yake da masai ko kusa, oho. Wannan ba ya fitowa a bidiyon sama.

Za su ce maka ai ruwa aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Gada kyauta ake yin ta?

Gaskiyar maganar ita ce bututu a ƙarƙashin ƙasa yake, ba a yanka masa kirtani, ba a raɗa masa sunan wani babba, ba ya shiga fosta. Shi ya sa ba ya burge ɗan siyasa. Haka kwata, haka bola. Kitso ake ta yi da kwarkwata, a gyara manyan tituna huɗu biyar da baƙi ke bi daga filin jirgi zuwa gidan gwamnati, ka karya kwana ɗaya ka shiga lungu ka tarar da ruwan kwatami ya kwanta ya yi kore.

Duk shekara kafin damina samarin unguwa, ƙungiyoyin taimakon kai da kai, za su fito aikin gayya ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, da shebur da manjagara da baro na aro, wasu ko takalmin roba babu, su shiga kwata har gwiwa su kwaso baƙin taɓo da ledojin fiya wata su tara a bakin hanya. Sai me? Sai a jira motar kwasar shara. Kwana uku, sati, ba ta zo ba, awaki su baje, A Daidaita Sahu su tattake, ruwan farko yana sauka ya mayar da komai inda aka ɗebo shi. Yaran nan sun yi nasu, saura tifa ɗaya kawai daga hukuma, ita ce ta gagara. An taɓa miƙa sharar birnin ga wani kamfani mai zaman kansa a zamanin Ganduje, bola ta nemi cinye tituna har aka soke yarjejeniyar a 2022, aka dawo wa hukumar kwasar shara ta jiha, REMASAB. A 2022 ɗin ne kuma ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, saboda an bari an yi gini a kan hanyoyin ruwa, kuma ba aljanu ne suka sa hannu a takardun filayen ba. Kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama an cike su ɗaya bayan ɗaya an yanka filotai an yi shaguna. Aikin rufe Jakara, titin Wuju-Wuju, an fara shi tun zamanin Kwankwaso aka watsar shekara da shekaru saboda wanda ya gada ba ya son a ce aikin wane ne.

Yanzu in ka ce za ka kai ƙara, wa za ka kai wa? Nan ne ainihin inda gizo ke saƙar. Birnin Kano gari ɗaya ne amma an yanka shi gida takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo. Ka tsallaka titi ka bar wata ƙaramar hukuma ka shiga wata. Jakara ta ratsa cikin gari ta bi ta Fagge ta fita, ba ruwanta da iyakar ciyaman. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa magudanan ruwa da kwasar shara da fitilun titi da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a da maƙabartu aikin ƙaramar hukuma ne. Amma a aikace jiha ta kwashe kusan duka ta raba wa hukumominta, REMASAB ta ɗauki shara, KNUPDA ta ɗauki tsara gari, KAROTA ta ɗauki titi, kuɗin kuma ya shige asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Sai gwamna ya zama shi ne magajin garin Kano na gaskiya, ga shi kuma da ƙananan hukumomi 44 a wuyansa, ciyaman kuma ya zama mai rakiya zuwa filin jirgi. Ka je sakatariya a ce maka aikin jiha ne, ka je ma'aikata a ce ka koma wa kansilanka, kansilan kuwa tun da aka rantsar da shi ya canza layi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Mun yi murna. A watan Oktoban shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, NNPP ta lashe kujeru 44 na ciyaman da 484 na kansila, ko ɗaya ba ta kuɓuce ba, kamar dai yadda APC ta riƙa yi lokacin da take riƙe da hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, kamar kuma yadda ake yi a kusan kowace jiha. Fisabilillahi mutumin da ya san sunansa daga gidan gwamnati ya fito, ba daga akwatin mazaɓarsa ba, wa zai ji tsoro, ni da ke ko wanda ya rubuta sunan? Kuma ba a manta cece-kucen da ya tashi a ƙarshen 2023 ba kan batun taɓa kuɗin ƙananan hukumomi don aikin gadojin Ɗan Agundi da Tal'udu, wato mutumin Doguwa da na Tsanyawa su sa hannu a gina gadar da wataƙila sau ɗaya za su hau a shekara. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kason da ake rabowa daga Abuja ya ƙaru sosai, kowa ya sani, gwamnatin tarayya kullum sai ta yi gori da shi. Ina ƙarin ya shiga a Dala? Me ya canza a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku?

Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi, wai shi tuntuɓar al'umma. Na san za a ce ai ana taron masu ruwa da tsaki, ana taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Duk wanda ya taɓa zama a irin taron nan ya san yadda yake. A kafa rumfa a jera kujerun roba, layin gaba na masu manyan riguna, a ce ƙarfe goma ciyaman ya iso bayan azahar da jiniya, maroƙi ya ɓata rabin awa yana kirari, a kira shugaban jam'iyya da shugabar mata da shugaban matasa kowa ya yi godiya ga mai girma gwamna, a ba mai unguwa minti biyu ya yi addu'a, a raba lemo da kuɗin mota a watse. Matar da ke sayen ruwa kullum ba ta san an yi ba. Shugaban ƙungiyar aikin gayya in ya samu shiga ma ba za a miƙa masa makirfo ba don an san abin da zai faɗa. Washegari a sa hotuna a Facebook a ce al'umma sun yaba. Wannan ba shawara ba ce, biki ne. Shi ya sa mutane suka gwammace su kai kukansu gidan rediyo, a karanta a Inda Ranka ko wani shiri irinsa, don sun gano jami'i ya fi jin kunyar a ambaci ofishinsa a iska fiye da ganin dattawan unguwa a ƙofar ofishin.

Haka rusau ɗin da gwamnatin Abba ta yi a watan Yunin 2023. Ko da a ce duk filayen an sayar da su ba bisa ƙa'ida ba, kuma da yawa haka ne, wa aka zauna da shi kafin a turo katafila filin Idi? Ƙarshenta kotu aka je, aka koma maganar diyya da kuɗin jama'a. Wanda ya sayar bai tambayi kowa ba, wanda ya rushe bai tambayi kowa ba, mu ne dai masu biya sau biyu.

Masu cewa a yi haƙuri ba a gina gari a rana ɗaya, shekara sama da ashirin da biyar kenan da dawowar mulkin farar hula, haƙurin ya isa haka. Masu cewa ai rabon babura da kekunan ɗinki da buhunan shinkafa shi ma aiki ne, su je su tambayi nawa ake sayar da keken a bakin ƙofar wurin taron tun kafin manyan baƙi su tashi.

Ni dai da za a ji tawa, a dakata da sabuwar gada ko da na shekara biyu ne, a ƙarasa waɗanda aka fara, kuɗin da ya saura a zuba shi a bututu da injinan Tamburawa da Chalawa da motocin shara. Ƙananan hukumomi takwas ɗin nan su samu wani zama guda da zai riƙa duba magudanan ruwa da bola a matsayin gari ɗaya, da mutum ɗaya da za a iya nuna wa yatsa in ruwa ya ci unguwa. Kowane kansila a tilasta masa zama da mutanen mazaɓarsa duk wata uku a filin makarantar firamare, ba maroƙi ba rumfa, mata su ma a ba su dama su yi magana. Kafin duk wannan ma, kowane ciyaman ya riƙa manna takardar abin da ya shigo masa a wata da inda ya tafi a jikin bangon sakatariya, kowa ya karanta. Takarda ɗaya ce da gam, ba ta buƙatar ɗan kwangila, ina kuma zargin dalilin kenan da har yau ba wanda ya damu ya yi.