Ƙannena, Turanci a baki ake koyonsa

Assalamu alaikum ƙannena. Abin da ya faru makon jiya ne ya hana ni yin shiru. Wani tsohon ɗalibina ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya zauna jugum kamar wanda aka yi wa rasuwa. Yaron nan yana da kiredit ɗin Turanci a WAEC, ya gama digiri. An kira shi intabiyu, aka ce ya gabatar da kansa da Turanci. Ya ce mini, "Malam, wallahi amsar tana cikin kaina, bakin ne ya ƙi buɗuwa." Ya yi ta zufa, aka ce ya je za a neme shi. Kun dai san fassarar wannan maganar.

Mu malamai muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Mu cika allo da dokokin nahawu, ku kwafa, a haddace tambayoyin shekarun baya, amma yaro sai ya gama zango guda bai furta jimla biyar a aji ba.

Sai dai babban ciwon a wurinku yake, wato dariya. Da wani ya ce "fiful" a maimakon "people", ko "zis" a maimakon "this", sai aji ya ɗauki shewa, a laƙaba masa suna har ya bar makaranta. Daga ranar ya kulle bakinsa ke nan. Alhali ba daƙiƙanci ba ne: Hausa ce ba ta raba sautin p da f ba, kuma ba ta da th kwata-kwata, dole harshe ya nemi abin da ya saba. Bature ma in ya zo koyon Hausa haka yake fama, ya kasa bambanta bari da ɓari, amma shi tafa masa muke yi, mu ce ai ya iya Hausa. Ɗan'uwanka kuwa sai gwalo.

Ku nemi jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, yana nan a YouTube. Ku ji yadda kowace kalma take fita tar. Mutumin nan a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ya koyar a Bauchi, bai je karatu Landan ba sai 1945, ya haura shekara 30. A nan gida harshensa ya nuna.

Hanyar ma ai kun san ta tun kuna makarantar allo. Malam ya biya, ka maimaita da ƙarfi, gobe ka yi tilawa. Wa ya taɓa yin hadda a zuci? To haka za ku yi. Shirin VOA Learning English tun 1959 aka fara shi, a hankali suke magana, da kalmomi wajen 1,500 kacal. BBC kuma suna da 6 Minute English, minti shida ne. Ka sauke guda ɗaya da datar dare, ka saurara sau uku, sannan ka riƙa tsayarwa kana maimaita jimla-jimla. Ka ɗauki muryarka a waya ka ji. Karon farko za ka ji kunyar kanka, ni ma na ji. Sabuwar kalma kuma kada ka rubuta ta tsurarta, ka kwafe ta da jimlar da ka tsince ta a ciki.

Masu burin IELTS, wato jarrabawar Turanci ta masu son karatu ko aiki a ƙasar waje, ku sani akwai ɓangaren da za ka zauna da mai jarrabawa kuna magana minti 11 zuwa 14. Ba satar amsa, ba na kusa da zai raɗa maka.

Yaron nan mun yi da shi zai riƙa zuwa duk Asabar, mu yi rabin awa ba Hausa ko kalma ɗaya. Jiya ya zo. Wajen ba ni labarin yadda babur ɗinsa ya mutu a hanya ya yi kuskure ya fi goma, na bar shi har ya kai ƙarshe, sannan muka koma kansu ɗaya bayan ɗaya.