Haɗe Ƙananan Makarantun Ƙauye Gyaran Gangar Auzinawa Ne

A wani zaman tattaunawa kan ilimi da na halarta kwanan nan a cikin birnin Katsina, wani mai jawabi ya ba da shawarar cewa lokaci ya yi da za a rufe ƙananan makarantun firamare na ƙauyuka waɗanda yawan ɗalibansu bai taka kara ya karya ba, a tattara yaran a manyan makarantu masu benaye irin waɗanda aka gina a Borno zamanin mulkin Kashim Shettima. Aka yi masa tafi raf-raf. Na san yawancin waɗanda suka tafa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ɗansa ke zuwa makaranta a ƙafa.

Hujjarsu ita ce tsimin kuɗi: wai maimakon a warwatsa malamai da kujeru a makarantu biyar, gara a tara su a ɗaya. Lissafi ne da ke da kyau a takarda, domin an cire nisa daga cikinsa. Yaron da ake magana a kansa ɗan shekara shida ne ko bakwai, wanda idan aka ɗauke makaranta daga bakin garinsu sai ya yi sammako ya ratsa gonaki kafin ya isa aji, sau da yawa ba tare da ya karya kumallo ba. Da damina kuwa, ranar da rafi ya kawo babu makaranta. Ita yarinya ma ba a kai ga wannan magana, domin uban da aka sha fama da shi kafin ya yarda 'yarsa ta shiga ajin da yake hangowa daga ƙofar gidansa ba zai bar ta ta bi hanyar daji zuwa wani gari ba, kuma ban ga laifinsa ba. Za ta koma kan farantin talla, daga nan sai ɗakin miji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Ina kyautar take idan sai manomi ya biya kuɗin acaɓa safe da rana a kan kowane yaro?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar ƙarancin ɗalibai a matsayin shaidar cewa ba a bukatar makarantar. Ƙauyukan Katsina ba su rasa yara ba, kowa ya je suna ko ɗaurin aure ya gani da idonsa. Ajin yana zama wayam ne saboda malami ba ya zuwa. Ana tura mutum ƙauye, kafin ƙarshen zangon karatu ya nemi uwa a gindin murhu an maido shi gari, a bar hedimasta da malami ɗaya ko biyu suna fama da aji shida. Iyaye su ga yara suna dawowa ba a koya musu komai ba, su mayar da su kiwo. Sai kuma waɗanda suka janye malaman su dawo da rajista a hannu suna cewa makarantar ta mutu. To wa ya kashe ta? Manyan makarantun da ake son a kai yaran kuwa sun riga sun cika sun batse. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin birni ya san yara a ƙasa suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa.

Sai batun tsaro, wanda mai jawabin ya tsallake kamar ba a Katsina yake ba. Haɗe makarantu hanya biyu yake bari: ko doguwar tafiya kullum, ko kwana a makaranta. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma cikin Fabrairun 2021 aka maimaita irin haka a kan 'yan mata a Jangebe ta jihar Zamfara. Dukkansu makarantun kwana ne da aka tara yara da yawa wuri guda. Wanda zai je Batsari ko Safana ko Faskari ya ce wa iyaye su haɗa 'ya'yansu ƙanana a gini ɗaya a nesa da gida, don an yi masa katanga an sa maigadi, lallai bai san abin da mutanen nan suka gani ba. Gaskiya ne akwai ƙauyukan da suka tashi, makarantunsu suka zama kufai, amma wannan larura ce ta gudun hijira, kuma bai dace a mayar da larura manufar gwamnati ba.

Ina zargin cewa son babban gini ne ke tura wannan tunani. Bene yana da kwangila, yana da ranar buɗewa da hotuna, shi kuwa alawus ɗin malamin ƙauye ba a yi masa biki. Mun ga makarantun tsangaya sama da 150 da gwamnatin Jonathan ta gina, kuma mun ga yadda da yawansu suka ƙare. Ba ni da ja a kan makarantun sakandare na musamman da gwamnatin Dikko Radda ta sa a gaba a Radda da Jiƙamshi da Dumurkul, domin sakandare wani abu ne daban, yaron ya yi wayo kuma ɗakin gwaje-gwaje na bukatar a tara kayan aiki. Sai dai ɗalibin da zai ci jarrabawar shiga can, a ƙaramin ajin ƙauyensu zai fara koyon baƙi da wasali.

Tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 hikimar ita ce a kai makaranta inda yaro yake. A ɗauki malamai 'yan asalin yankin, a ɗaure su da sharaɗin zama, a ba su muhalli da ƙarin alawus. A horar da su yadda malami ɗaya zai riƙe aji biyu a ɗaki guda. Idan haɗewa ake so, a haɗe shugabanci da sa ido, jami'i ɗaya da babur ya riƙa zagaya makarantu huɗu ko biyar, mai unguwa da kwamitin iyaye su riƙe rajistar zuwan malamai. A gwada haka shekara biyu, sannan a dawo a sake ƙirga yaran.